Tarihi a Allon Silima: Yadda Tamilawa Ke Kallon Mazajensu na Jiya

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu yi doguwar tafiya zuwa ƙuryar kudancin ƙasar Indiya, jihar Tamil Nadu, domin mu duba wani nau'in fim da mutanen can suka daɗe suna yi, wato fim ɗin da ake ɗauko rayuwar wani mutum da aka yi da gaske, sarki ko mawaƙi ko ɗan gwagwarmaya, a mayar da ita wasan kwaikwayo. Ku gyara zama.

(Kiɗa ya ɗan tashi, sannan ya lafa)

Finafinan Indiya da iyayenmu suka saba gani a gidajen silima, yawancinsu daga Bombay suke, da harshen Hindi. Amma da yawa daga cikin waɗanda ake fassarawa da Hausa a yanzu, irin na su Rajinikanth da Vijay da Suriya, daga birnin Chennai suke fitowa, wanda a da ake kira Madras, kuma da harshen Tamil aka yi su. Ƙidayar 2011 ta nuna jihar Tamil Nadu na da mutum sama da miliyan 72. Fim ɗinsu na farko mai magana ya fito a 1931, sunansa Kalidas, kuma shi kansa labarin wani mawaƙi ne na zamanin da.

A wannan jiha, fim da siyasa tare suke kwana tare suke tashi. Aƙalla mutum biyar daga masana'antar fim sun riƙe kujerar babban minista, wato shugaban gwamnatin jihar: Annadurai da Karunanidhi marubutan fim ne, M. G. Ramachandran, wanda aka fi sani da MGR, da matarsa Janaki da kuma Jayalalithaa 'yan wasa ne. A irin wannan wuri, duk wanda ya ɗauko tarihin wani ya sa a fim, ya san ba nishaɗi kaɗai yake sayarwa ba. Yana gaya wa jama'a wanda ya kamata su ɗauka gwarzo.

Bari mu fara da fim ɗin da ya fi kowanne shahara a wannan fanni, Veerapandiya Kattabomman, na shekarar 1959.

Kattabomman hakimi ne na wani ɗan yanki da ake kira Panchalankurichi, can kudu, a ƙarshen ƙarni na 18. A lokacin, kamfanin Turawan Ingila mai suna East India Company ya karɓi ikon tara haraji daga hannun sarkin Arcot. Bashin haraji ya taru a kan Kattabomman. A 1798 jami'in haraji, wani Bature mai suna Jackson, ya aika masa ya zo, amma ya yi ta yawo da shi daga gari zuwa gari har tsawon makonni kafin ya yarda su gana a Ramanathapuram. Ganawar ta ƙare da rikici, aka kashe wani hafsan sojan kamfanin, Kattabomman ya tsere. Binciken da kamfanin ya yi daga baya ya ɗora laifi a kan Jackson, aka cire shi. Sai dai zaman lafiyar bai daɗe ba. A shekara mai zuwa Manjo Bannerman ya kawo runduna ya kewaye ganuwar Panchalankurichi. Kattabomman ya gudu dajin Pudukkottai, sarkin wurin ya sa aka kama shi aka miƙa wa Turawa. Ranar 16 ga Oktoba, 1799, aka rataye shi a bishiyar tsamiya a garin Kayathar, a gaban sauran hakiman yankin, yana da shekara 39. Rahoton Bannerman kansa ya nuna mutumin ya nufi bishiyar ba tare da ɗar ba, yana yi wa hakiman kallon raini.

Wannan shi ne abin da takardu suka ajiye. Amma mutanen karkara sun ajiye nasu a waƙoƙin baka da wasannin dandali, inda labarin ya ƙara gishiri. Irin wannan wasa ne wani yaro mai suna Ganesan ya gani, har sha'awar wasan kwaikwayo ta shige shi. Yaron nan shi ne ya zama Sivaji Ganesan, kuma shi ya hau matsayin Kattabomman a fim ɗin da darakta B. R. Panthulu ya shirya.

An kashe wa fim ɗin kuɗi. Mai launi ne a zamanin da yawancin finafinan Tamil fari da baƙi ne, an ɗauki wasu sassansa a fadojin Jaipur, aka fara nuna shi a Landan kafin a kawo shi gida. Abin da ya fi zama a zukatan jama'a shi ne fitowar da Sivaji ya tsaya gaban Jackson yana ruri, yana tambayarsa da wane dalili baƙon da bai taɓa yin noma a ƙasar nan ba zai nemi haraji. Har gobe yara 'yan makaranta a Tamil Nadu suna haddace wannan jawabi suna yi a gasar makarantu. Fim ɗin ya shafe sama da mako 25 ana nuna shi. A 1960 aka kai shi bikin finafinan Afirka da Asiya a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda Sivaji ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa, G. Ramanathan kuma ya karɓi ta kiɗa. A nahiyarmu ke nan ɗan wasan Indiya ya fara cin irin wannan kyauta a bikin ƙasa da ƙasa.

To amma jawabin nan da ake haddacewa, marubucin fim ɗin ne, Sakthi Krishnasamy, ya tsara shi. Ƙatuwar fadar da aka nuna ta fi ƙarfin ɗan hakimin da ganuwarsa ta ƙasa ce. Kuma tun kafin fim ɗin ya fito gardama ta kaure. Marubuci Tamilvanan ya ce Kattabomman ɗan fashi ne da ke kai wa maƙwabtansa hari. Wasu suka ce kakanninsa ma daga ƙasar masu harshen Telugu suka zo, don me za a mayar da shi tutar Tamilawa? Shahararren mawaƙi Kannadasan bai tsaya ga magana ba, ya zuba kuɗinsa ya shirya wani fim ɗin a shekarar, Sivagangai Seemai, a kan 'yan'uwan nan biyu Maruthu, waɗanda Turawa suka rataye a 1801, domin a ganinsa su ne gwarazan ainihi. Nasa bai ci kasuwa ba. Na Sivaji ya yi tashe, kuma da shi aka tafi.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Babu hoton Kattabomman da aka ɗauka, domin ya mutu kafin a ƙirƙiro kyamara. Don haka in ka ce wa Batamile ya tuno shi, fuskar Sivaji Ganesan da gashin bakinsa da muryarsa ne za su zo masa. Sivaji da kansa ya sayi fili a Kayathar ya kafa masa mutum-mutumi. Shi kuwa Ettappan, hakimin Ettayapuram da ya goyi bayan Turawa, sunansa ya zama zagi: in Batamile ya kira ka Ettappan, maci amana yake nufi, ko da yake akwai masana da ke cewa an ɗora masa fiye da abin da ya aikata.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan finafinan tarihin rayuwa na harshen Tamil. Yanzu ga wani abin lura. Shekara biyu bayan waccan nasara, darakta ɗaya, jarumi ɗaya, makaɗi ɗaya suka sake haɗuwa a kan tarihin wani gwarzon. Sunan fim ɗin Kappalottiya Thamizhan, na 1961, labarin V. O. Chidambaram Pillai.

Chidambaram lauya ne, an haife shi a 1872. A zamaninsa wani kamfanin jiragen ruwa na Turawa ya mamaye zirga-zirga tsakanin tashar Tuticorin da birnin Kolombo na ƙasar da yanzu ake kira Siri Lanka. Chidambaram ya ga cewa da ciniki Turawa suka shigo, don haka da ciniki za a kara da su. A 1906 ya tara hannun jari daga 'yan ƙasa ya kafa kamfanin jiragen ruwa, ya samo jirage biyu. Kamfanin Turawa ya karya kuɗin jirgi domin ya durƙusar da shi. A 1908 ya tsaya wa ma'aikatan masaƙar Coral Mills da suka shiga yajin aiki, suka samu ƙarin albashi. A shekarar aka kama shi da laifin tunzura jama'a, aka yanke masa ɗaurin rai da rai har sau biyu, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage. A kurkukun Coimbatore aka ɗaura masa turmin matsar mai, wanda shanu ke juyawa, ya riƙa ja da ƙarfinsa. Da aka sake shi a ƙarshen 1912, ya tarar kamfaninsa ya rushe, an ƙwace masa lasisin lauya, jama'ar da ke yi masa tafi sun watse. Ya koma ƙaramin kasuwanci don ciyar da iyali, ya rasu a 1936 cikin talauci.

An gina fim ɗin a kan littafin tarihin da Ma. Po. Sivagnanam ya rubuta, kuma mutanen da suka san Chidambaram ido da ido suna raye a lokacin, har da 'ya'yansa, saboda haka babu filin ƙara gishiri da yawa. Sivaji ya sauke murya, ya yi wasa a natse. Waƙoƙin fim ɗin duka na mawaƙi Subramania Bharati ne, abokin gwagwarmayar Chidambaram. Masana suka yaba, gwamnatin Indiya ta ba shi kyautar fim ɗin Tamil mafi kyau na shekarar. Amma 'yan kallo suka ƙi zuwa, aka tafka asara. Sai bayan shekaru, da aka sake fito da shi gwamnati ta yafe masa harajin kallo, sannan aka fara ba shi girman da yake da shi yau.

Me ya bambanta su? Kattabomman ya mutu a tsaye yana gaya wa Bature magana, mai kallo ya fita ƙirjinsa a buɗe. Chidambaram kuwa bai mutu a fagen fama ba, ya rayu ya ga mutanensa sun manta da shi, kuma fim ɗin yana nuna wa mai kallo yatsa. Akwai kuma siyasar lokacin. A farkon shekarun 1960 matasan Tamil sun fara juya wa jam'iyyar Congress baya suna komawa DMK, wadda ta karɓi mulkin jihar a 1967, shi kuwa wannan fim yabon gwagwarmayar da Congress ke tutiya da ita ne. Darasin da masu zuba kuɗi suka ɗauka a bayyane yake: gwarzo mai ruri yana cika silima, gaskiya mai ɗaci ba ta cikawa.

Sauran finafinan wancan zamani za mu ratsa su da sauri. Avvaiyar na 1953, wanda K. B. Sundarambal ta fito a ciki, ya haɗe mata mawaƙa fiye da ɗaya, waɗanda suka rayu a ƙarnoni daban-daban da suna iri ɗaya, ya mayar da su tsohuwa guda. Rajaraja Cholan na 1973 kuma ya ɗauko sarkin daular Chola da ya hau mulki a 985, wanda ya gina babban wurin bauta na Thanjavur da aka kammala a 1010. Shi ne fim ɗin Tamil na farko mai faffaɗan allo na CinemaScope, amma daga wasan dandali aka ɗauko labarin, kuma rigimar cikin gidan sarki ta fi mulkinsa samun fili.

(Gajeren kiɗa)

Daga shekarar 2000 salon ya sake. Wani babban ma'aikacin gwamnati mai suna Gnana Rajasekaran ya shiga harkar, ya yi finafinai uku na tarihin rayuwa. Na farko Bharathi, a kan mawaƙin nan da muka ambata, wanda aka haifa a 1882 ya rasu a 1921. Maimakon ya ɗauko fitaccen jarumin Tamil, sai ya ɗauko Sayaji Shinde, mutumin jihar Maharashtra wanda Tamilawa ba su san fuskarsa ba. Hikimar ita ce mai kallo ya ga mawaƙin, kada ya ga tauraro. Fim ɗin bai ɓoye cewa Bharati mutum ne mai wuyar zama ba. Ya nuna shekara goma da ya yi yana gudun hijira a Pondicherry, wadda ke hannun Faransa, ya nuna wahalar matarsa Chellamma da tukunyarta ke kwana ba a ɗora ba, ya nuna yadda danginsa 'yan ajin Brahmin suka ƙaurace masa saboda yana cuɗanya da waɗanda ake ɗauka ƙasƙantattu. Mutumin da yau ake rera waƙoƙinsa a kowace makaranta, 'yan tsiraru ne suka raka gawarsa. Ilaiyaraaja ya yi kiɗan, fim ɗin ya ci kyautar ƙasa.

Na biyu shi ne Periyar na 2007, inda Sathyaraj ya fito a matsayin E. V. Ramasamy, wanda aka fi sani da Periyar, mutumin da ya kafa ƙungiyar kare mutuncin kai a 1925, ya yaƙi tsarin fifita mutane bisa asalin haihuwa, ya nemi 'yancin mata, ya kuma yi watsi da addini gaba ɗaya. A nan akwai abin da ya kamata mai kallo ya sani: gwamnatin jihar, ƙarƙashin Karunanidhi wanda almajirin Periyar ne, ta ba da tallafin rupi miliyan 9 da rabi don a yi fim ɗin. Wannan bai mayar da shi ƙarya ba. Ya nuna har auren da Periyar ya yi da Maniammai a 1949, yana da kimanin shekara 70 ita tana da 30 da 'yan kai, auren da ya zama sanadin ɓallewar Annadurai ya kafa DMK. Amma fim ne na magada a kan ubangidansu, kuma da wannan ido ya kamata a kalle shi. Na uku, Ramanujan na 2014, ya ba da labarin masanin lissafin nan na Kumbakonam, akawu a tashar jirgin ruwan Madras, wanda ya aika wa Farfesa Hardy na Cambridge wasiƙa a 1913, ya tafi Ingila, ya dawo da rashin lafiya ya rasu a 1920 yana da shekara 32. Tsakanin waɗannan, a 2004, an yi fim a kan Kamaraj, babban ministan da bai yi zurfin karatu ba amma ya baza makarantu a ƙauyuka, ya kuma faɗaɗa ciyar da ɗalibai abincin rana.

Wuya ta fi yawa idan mai tarihin ko magoya bayansa suna da iko. A 1997 Mani Ratnam ya fitar da Iruvar, labarin abota da gaba tsakanin ɗan wasa da marubuci da suka zama 'yan siyasa. Kowa ya gane MGR da Karunanidhi ake nufi, mutanen da suka tashi tare a masana'antar, ɗaya na rubutawa ɗaya na furtawa, har suka raba gari a 1972. Amma daraktan ya sauya sunaye, ya rubuta a farkon fim ɗin cewa ba labarin gaskiya ba ne, domin Karunanidhi ne ke kan mulki a lokacin. Ya sha fama da hukumar tace finafinai, kasuwa kuma ba ta karɓe shi ba, ko da yake yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukansa. A cikinsa ne Aishwarya Rai ta fara fitowa a fim.

Thalaivii na 2021 ya kira Jayalalithaa da sunanta, shekara biyar bayan rasuwarta. Ya nuna cin mutuncin da aka yi mata a zauren majalisar jiha a 1989, ya tsaya a daidai lokacin da ta hau mulki a 1991. Tsayawa a nan zaɓi ne. Duk abin da ya biyo baya, har da shari'ar mallakar dukiya fiye da ƙima da ta kai ta gidan yari a 2014 kafin babbar kotun Karnataka ta wanke ta a 2015, bai shiga ba. Babu ƙarya a rashin faɗa, amma wurin da mai labari ya ajiye aya yana sauya ma'anar labarin duka. Haka a Soorarai Pottru na 2020, wanda Suriya ya fito: an ɗauko shi daga rayuwar Kyaftin Gopinath, mai kamfanin jiragen sama na Air Deccan, mutumin jihar Karnataka, amma fim ɗin ya sauya masa suna ya mayar da shi ɗan ƙauyen yankin Madurai.

(Kiɗa a hankali)

To jama'a, me za mu ɗauka? Waɗannan finafinai sun yi aikin da littafi bai yi ba. Sun kai sunan Chidambaram da Bharati ga manomin da bai taɓa shiga aji ba, kuma ba don su ba da wasu sunayen sun tsaya a ɗakunan ajiye takardu. Wannan alheri ne. Haɗarin shi ne abin da ido ya gani yakan zauna daram a zuciya, har mutum ya rantse a kan jawabin da wani marubuci ya ƙirƙira shekara 160 bayan mutuwar mai maganar. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan gardama lokacin da fim ɗin Amina, a kan Sarauniya Amina ta Zazzau, ya fito a Netflix a 2021, mutane suka yi ta muhawara a kan sutura da harshe da sahihancin labarin.

Saboda haka idan kun zauna kallon fim ɗin da aka ce tarihin wani ne, na Indiya ko na gida, ku nemi sanin wanda ya ba da kuɗin yin sa da shekarar da aka yi shi, domin sau da yawa rigimar wannan shekarar ce ake yi da bakin mutanen da. Ku lura da inda labarin ya fara da inda ya tsaya. Ku lura da wanda aka ba matsayin mugu, domin shi ma yana da zuriya da nasa ɓangaren labarin. Malamai da iyaye kuma, idan yaro ya zo da tarihin da ya gani a fim, kada a kore shi, a ɗauko littafi a zauna tare a gwada, a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Masu shirya finafinanmu da ke da niyyar taɓa tarihin magabata, su fara da zuwa wurin masana da zuriyar mutanen tun kafin a kunna kyamara.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Muna maraba da ra'ayoyinku da tambayoyinku, musamman a kan wane mutum ne a tarihinmu kuke ganin ya cancanci a yi fim ɗinsa, kuma wa kuke ganin zai iya ɗaukar nauyin. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)